Abdullah Quilliam: Baturen da aka jefi masallacinsa, ya rama da makaranta

An haifi William Henry Quilliam a birnin Liverpool na Ingila a shekarar 1856. Lauya ne, ɗan gidan Kiristoci masu hali. Ya musulunta a 1887 bayan wata tafiya da ya yi Maroko, ya koma Abdullah.

A 1889 ya buɗe masallaci a unguwar Brougham Terrace. Mutanen gari ba su karɓe shi hannu biyu ba. Ɓata-gari sun riƙa jifan masallata da duwatsu suna farfasa tagogi, musamman lokacin kiran sallah.

Quilliam ya fahimci cewa jahilci ne tushen ƙiyayyar, sai ya tunkare ta da ilimi. Ya kafa makarantun yara maza da mata da gidan marayu, ya riƙa ciyar da yaran talakawa ranar Kirsimeti. A 1893 ya fara buga jaridar The Crescent duk mako. Ɗaruruwan Turawa sun musulunta ta dalilinsa.

A 1894 Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya naɗa shi Shehun Musulunci na Birtaniya, kuma shi ya wakilci sarkin a bikin buɗe masallacin Shitta-Bey a Legas.

Ya rasu a 1932. An sake buɗe masallacinsa a 2014. Da masu zanga-zangar ƙin jinin Musulmi suka taru a ƙofarsa a watan Agustan 2024, masallata sun fito sun raba musu abinci.