GUSTAVE COURBET, MAI ZANEN DA YA KAFA RUMFARSA DA KANSA

Masu karatu, yau za mu kawo muku tarihin wani Bafaranshe mai suna Gustave Courbet, wanda ake furta sunansa Kurbe. Sana'arsa ita ce zanen hotuna da fenti, da ita ya ci ya sha tun yana saurayi har ya mutu. A zamanin da kowane mai zane yake jiran gwamnati ta nuna masa inda zai baje hajarsa, shi sai ya kafa tasa rumfa da kuɗinsa, mai son gani ya biya ya shiga. Wannan taurin kai shi ya ba shi suna da arziki, shi ne kuma daga bisani ya raba shi da ƙasarsa.

An haifi Kurbe ran 10 ga watan Yuni, 1819, a wani ƙaramin gari mai suna Ornans a gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan. Ubansa manomi ne mai hali, yana da filaye da gonakin inabi. A 1839 ya tafi birnin Faris, iyayensa na tsammanin zai karanta aikin lauya, amma shi zane ne a ransa. Bai daɗe a ƙarƙashin wani malami ba. Sai ya riƙa zuwa babban gidan adana zane-zane na Louvre, ya tsaya gaban aikin magabata na Sifaniya da Holan yana kwaikwayo, har hannunsa ya faɗa.

To, sai mu bayyana yadda kasuwar zane take a Faransa a wancan lokaci. Akwai wani babban baje koli da gwamnati take shiryawa kusan kowace shekara a Faris, ana kiransa Salon. Dubban mutane suke zuwa kallo, 'yan jarida su yi sharhi, masu kuɗi su zaɓi abin da za su saya, gwamnati ma ta saya. Amma kafin hoto ya shiga sai wasu alƙalai sun duba shi sun amince. Wanda suka ƙi aikinsa, da wuya ya sami mai saye a wannan shekara, watau abincin mai zane yana hannun waɗannan 'yan mutane.

Kurbe ya sha komawa gida da kayansa. Sai a 1844 suka karɓi hotonsa na farko, wanda ya zana kansa tare da wani baƙin kare. A 1847 kuwa duk abin da ya aika sai da suka mayar masa. Juyin juya halin 1848 ne ya buɗe masa ƙofa, don a shekarar an soke alƙalan, kowa ya kawo abin da ya ga dama. A 1849 ya zana ubansa da abokansa suna zaune bayan cin abinci a Ornans. Wannan hoto ya ciyo masa lambar zinariya, gwamnati kuma ta saye shi. Bisa ƙa'idar lokacin, mai irin wannan lamba ba ya bukatar amincewar alƙalai, sai ya rataye abin da yake so.

Da ya sami wannan dama sai ya koma garinsu ya fara wani gagarumin aiki, watau hoton jana'iza a Ornans. Tsawonsa ya haura mita 6, tsayinsa ya haura mita 3, mutanen da ke ciki sun fi 40, kowa da girmansa na zahiri. Mutanen garin ne suka riƙa zuwa ɗakin aikinsa yana zana su, da magajin gari, da fada, da mai haƙa kabari, da ubansa da ƙannensa mata. A wannan lokaci kuma ya zana wani tsoho da yaro suna fasa duwatsu a bakin hanya cikin tsumma. A al'adar zamanin, ƙyalle mai girma haka na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da labaran addini. Da aka rataye su a baje kolin 1850 zuwa 1851 sai Faris ta ɗauki hayaniya, wasu na cewa ya zana munanan ƙauyawa, wasu na cewa siyasar talakawa yake yi da buroshi.

Zagin bai dame shi ba, domin ya gane duk jaridar da ta zage shi talla take yi masa kyauta. Tun kafin hotunan su isa Faris ma ya nuna su a garuruwan Besançon da Dijon, yana karɓar kuɗin shiga. A 1853 ya haɗu da wani ɗan attajiri daga Montpellier mai suna Alfred Bruyas, wanda ya zama babban mai sayen aikinsa. A shekarar ce kuma shugaban gidajen tarihi na gwamnati, Nieuwerkerke, ya gayyace shi cin abinci, ya yi masa tayin aiki bisa sharaɗin ya fara kawo samfuri a duba. Kurbe ya ƙi, don a ganinsa ba wanda ya isa ya yi wa aikinsa alƙalanci sai shi.

A 1855 Sarki Napoleon na III ya shirya baje kolin duniya a Faris, wanda yake da nasa alƙalan dabam. Sun karɓi hotuna 11 na Kurbe, amma suka ƙi manyan guda biyu, watau na jana'izar da wani sabo da ya zana ɗakin aikinsa cike da mutane. Maimakon ya kwashe kayansa ya koma gida, sai ya nemi fili kusa da wurin baje kolin, ya gina rumfa, ya rataye hotuna kimanin 40, ya buga ɗan littafi mai bayyana manufarsa, wadda ita ce zana mutanen zamaninsa kamar yadda idonsa ya gan su. Ya buɗe a ƙarshen watan Yuni, kuɗin shiga faran 1.

Ta fuskar ciniki rumfar ba ta yi riba ba. Mutane ba su zo da yawa ba, har sai da ya rage kuɗin shiga zuwa rabi. Shahararren mai zane Eugène Delacroix ya je ya tarar da wurin wayam, ya yi kusan awa guda yana kallo, ya fito yana yaba hoton da aka ƙi. Amma ko ba riba, an ga abin da ba a saba gani ba, mai zane shi kaɗai ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da gwamnati. A 1867 ya sake gina wata rumfa da hotuna fiye da 100, Édouard Manet ma ya gina tasa a shekarar. A 1874 su Claude Monet suka haɗu suka shirya nasu baje kolin ba tare da alƙalan gwamnati ba.

Mai karatu zai tambaya, to da me yake cin abinci? Kurbe ɗan kasuwa ne na gaske. Manyan hotuna masu tayar da ƙura su ke jawo masa suna, ƙanana kuwa su ke kawo kuɗi. Ya zana barewa a daji, da mafarauta, da duwatsu da ƙoramun ƙasarsu, da fuskokin masu hali. Sau da yawa da wuƙa yake shafa fenti maimakon buroshi, aikin ya yi sauri. A 1869 ya zauna a Étretat a bakin teku ya zana igiyar ruwa sau da dama, don ya ga masu saye na so. Ya kuma kai hajarsa Beljiyam da Jamus, inda aka karɓe shi hannu biyu-biyu. A watan Yuni, 1870, gwamnati ta ba shi babbar lambar girmamawa ta ƙasa, ya ƙi karɓa, ya kuma buga wasiƙar ƙin a jarida kowa ya gani.

Daga nan al'amura suka juya. A 1870 Faransa ta sha kashi a yaƙi da Farusa, sarautar Napoleon na III ta faɗi. Aka ɗora wa Kurbe shugabancin kwamitin kare kayan zane na Faris. A nan ne ya ba da shawara a kwance wata doguwar hasumiya ta tagulla da ke dandalin Vendôme, wadda Napoleon na I ya gina don tunawa da nasarorinsa na yaƙi. A watan Maris, 1871, mutanen Faris suka yi tawaye suka kafa tasu hukuma. Ran 12 ga Afrilu wannan hukuma ta zartar a rushe hasumiyar, ran 16 ga wata aka zaɓi Kurbe cikinta, ran 16 ga Mayu aka kayar da hasumiyar. Ko da yake an yanke shawarar kafin ya shiga, da sojoji suka murƙushe tawayen sai laifin ya faɗa kansa. Aka ɗaure shi wata 6, aka ci shi tarar faran 500. A kurkuku ma bai ajiye buroshi ba, 'ya'yan itatuwan da ake kawo masa ya riƙa zanawa.

A 1872 alƙalan baje kolin gwamnati suka ƙi aikinsa. A 1873 aka yanke shawarar sake gina hasumiyar, kuma shi zai biya. Ganin za a ƙwace dukiyarsa, sai ya tsallaka Suwizalan a watan Yuli, ya zauna a garin La Tour-de-Peilz a bakin tafkin Janeba. Masu saye ba su daina zuwa ba, har ya ɗauki mataimaka suna fara hoto shi ya ƙarasa ya sa hannu. Wannan ya rage darajar aikinsa na ƙarshe, ya kuma buɗe hanya ga masu jabu. Shan giya ya yi masa yawa, hantarsa ta lalace. A 1877 kotu ta ƙayyade bashin a kan faran dubu 323 da 'yan kai, zai riƙa biyan dubu 10 kowace shekara. Ya mutu ran 31 ga Disamba, 1877, yana da shekara 58, ana gobe zai biya kashi na farko.

A 1881 ƙanwarsa Juliette ta ba ƙasar Faransa hoton jana'izar kyauta. A 1919 aka mayar da gawarsa Ornans. A 1920 gidan Louvre ya sayi hoton ɗakin aikinsa, har da gudummawar jama'a aka haɗa kuɗin. Hoton masu fasa duwatsu kuwa ya salwanta a Jamus a 1945 lokacin yaƙin duniya na biyu. Waɗannan hotuna biyu da alƙalai suka ƙi a 1855, yanzu suna cikin dukiyar gidan adana zane-zane na Orsay a Faris, gwamnatin Faransa ce take kula da su.