Vannevar Bush, injiniyan da ya so a adana ilimi yadda tunani ke tafiya

An haifi Vannevar Bush ranar 11 ga Maris 1890 a garin Everett na jihar Massachusetts, Amurka. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi karatu a kwalejin Tufts, ya sami digirin digirgir a fannin injiniya a 1916, daga bisani ya koyar a MIT. A 1941 Shugaba Roosevelt ya ɗora shi kan ofishin da ke jagorantar binciken kimiyya na yaƙi, dubban masana suna aiki a ƙarƙashinsa.

Yaƙi na gab da ƙarewa, wata damuwa ta taso masa. Rubuce-rubucen masana sun yi yawan da babu mai iya bin sawunsu, kuma a ganinsa laifin na tsarin ajiya ne: ana jera takardu bisa haruffa ko lambobi, rukuni cikin rukuni, kowace takarda da mazauninta guda ɗaya tak. Duk wanda ya taɓa buɗe folda bayan folda a kwamfuta yana laluben fayil ɗin da shi da kansa ya ajiye, ya san wannan ciwo. Bush ya lura cewa tunanin ɗan Adam ba haka yake aiki ba, wani abu ne ke tuno masa da wani.

A watan Yuli 1945 ya bayyana mafitarsa a mujallar Atlantic Monthly, wata na'ura da ya raɗa wa suna memex. Tebur ce mai allunan kallo, an ƙanƙance littattafai da wasiƙu a kan fim an zuba a cikinta. Mai karatu zai ƙulla shafi da shafi, ya ƙara nasa sharhi, har ƙulle-ƙullen su zama turba mai suna, wadda zai sake bi bayan shekaru ko ya kwafa wa abokinsa. Misalin da ya kawo shi ne na mai binciken dalilin da ya sa gajeren bakan Turkawa ya fi dogon bakan Ingila a yaƙe-yaƙen Salibiyya. Shafi ɗaya na iya shiga turbobi da dama, kuma nan ne ƙarfin shawarar yake.

Ba a taɓa ƙera memex ba. Amma wani matashin sojan ruwa, Douglas Engelbart, ya karanta maƙalar a Filifins, ta zame masa jagora wajen aikinsa na haɗa rubutu da rubutu a kwamfuta, dabarar da shafukan intanet suka ginu a kanta. Bush ya rasu ranar 28 ga Yuni 1974, yana da shekara 84.