Likita Olikoye Ransome-Kuti, Wanda Ya Tare Cuta Tun Daga Ƙofa

A wannan wata mun kawo muku labarin wani likita na ƙasarmu ta Nijeriya, wanda ya ƙare kwanakinsa yana koya wa jama'a cewa rigakafi ya fi magani. Sunansa Olikoye Ransome-Kuti.

An haife shi a Ijebu-Ode, cikin ƙasar Yarabawa, ran 30 ga Disamba, 1927. Ubansa, Israel Oludotun Ransome-Kuti, limamin Ekklisiyar Anglika ne, shi ne kuwa shugaban babbar makarantar Abeokuta shekaru da yawa. Uwarsa, Funmilayo, ta yi suna wajen tsaya wa mata. A gidan nan na ilimi da horo yaron ya tashi. Da ya gama karatu a Abeokuta, sai ya ƙetare teku zuwa Dublin, a ƙasar Ailan, inda ya sami shaidar likita a 1954.

Da ya komo gida ya zaɓi aikin jinyar yara. Ya yi aiki a asibitin koyarwa na Badun, daga baya ya koma Jami'ar Ikko, har ya zama shaihun malami a wannan fanni, yana koyar da likitoci. A nan ya lura da wani abu mai ban tausayi. Yawancin yaran da ake kawowa ba wata baƙuwar cuta ke kashe su ba, sai zawo, da baƙon dauro, da zazzaɓin cizon sauro, da rashin abinci mai gina jiki. A yi wa yaro magani ya warke, ya koma gida ya sha ruwan da ya sa masa ciwon, bayan wata kaɗan a sāke kawo shi. Waɗanda ke ƙauye kuwa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Saboda haka ya ga lalle a kai aikin lafiya inda mutane suke zaune. Ya shiga koyar da nas-nas da ma'aikatan lafiya su auna nauyin yara, su yi musu allurar rigakafi, su koya wa uwaye tsabta da irin abincin da ya dace. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, suka yarda cewa wannan hanya ita ce tushen lafiyar jama'a.

A 1985 gwamnatin Janar Babangida ta naɗa shi Ministan Lafiya, ya riƙe aikin har 1992. Bai sa ƙarfinsa ga gina manyan asibitoci ba. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don su zama abin koyi, aka haɗa da yawa daga cikinsu da makarantun koyon aikin likita da na ma'aikatan lafiya, domin malamai da almajiransu su fita cikin ƙauyuka. A 1988 ƙasar ta sami tsarin lafiya na ƙasa duka, wanda aka kafa bisa wannan tushe. Ya gargaɗi uwaye su shayar da jarirai nononsu, su kuma ba yaro mai zawo ruwan gishiri da sukari, gama ƙarewar ruwa a jiki ita ke kashe shi. Allurar rigakafin baƙon dauro, da shan inna, da tarin shiƙa, da tarin fuka ta bazu ƙwarai, har bisa ga lissafin hukuma, a 1990 wajen yara 80 cikin 100 sun samu.

Wani halinsa kuma da ya kamata mu kula da shi, shi ne faɗin gaskiya ko da ɗaci. A 1986 ya sanar wa ƙasa cewa cutar ƙanjamau ta shigo Nijeriya. A watan Agusta na 1997, da ƙanensa Fela, shahararren mawaƙin nan, ya mutu, shi da kansa ya tsaya gaban jama'a ya bayyana cewa ƙanjamau ce ta kashe shi. A lokacin nan kowa ɓoye wannan cuta yake yi don kunya. Shi kuwa ya ɗauki kunyar gidansu don 'ya'yan waɗansu su tsira.

Ya rasu a birnin Landan ran 1 ga Yuni, 2003, sa'ad da ya je wani taro na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin baƙin ciki, bayan saukarsa daga aikin minista aka yi sakaci da abin da ya shuka. Binciken da aka yi a shekarar da ya rasu ya nuna yara 13 kaɗai cikin 100 suka sami cikakkiyar allurar rigakafi.

To, 'yan'uwa, ga abin da muka koya. Aikin rigakafi kamar noma yake, ba a yinsa sau ɗaya a huta. Gonar da aka bari, ciyawa takan cinye ta. Ba kuwa aikin minista da likita kaɗai ba ne. Mu iyaye, bari mu duba katin asibitin 'ya'yanmu, mu ga ko allurarsu ta cika. Mu rufe rijiyoyinmu, mu wanke hannu kafin cin abinci, mu tuna wa maƙwabtanmu ranar awo. In mun yi haka, wahalar wannan bawan Allah ba ta zama banza ba.