Harold Larwood: Ɗan Aiken Da Aka Ɗora Wa Laifi

Na san yawancinmu a nan ƙwallon ƙafa muka sani, kurket kuwa in mun ci karo da shi a talabijin sai mu canza tasha. Amma ku ɗan ba ni aron hankalinku, don labarin wannan mutumin ya shafi duk wanda aka taɓa sa shi aiki, daga baya aka bar shi shi kaɗai da abin da ya biyo baya.

An haifi Harold Larwood ranar 14 ga Nuwamba, 1904, a ƙauyen Nuncargate da ke yankin Nottinghamshire a Ingila. Mahaifinsa mahaƙin kwal ne. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta, yana 14 ya shiga ramin kwal yana kora ƙananan dawakin da ke jan kaya a ƙarƙashin ƙasa. Kurket ne ya fito da shi daga ramin. A 1923 kulob ɗin Nottinghamshire ya gwada shi ya ɗauke shi, zuwa 1926 har ya fara yi wa Ingila wasa.

A kurket, mutum ɗaya ne ke tahowa a guje ya jefa ƙwallo mai tauri, wani kuma yana tsaye da faffaɗan katako a gaban sanduna uku, yana kare su yana buga ƙwallon don tara maki. In ƙwallon ya kayar da sandunan, ko ya buga aka cafe a sama, an fitar da shi ke nan. Larwood mai jifa ne. Ba shi da wani tsayi, amma a zamaninsa da wuya a samu wanda ya kai shi sauri da saiti.

To a lokacin 'yan wasan Ingila kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan masu hali da ke wasa don sha'awa, akwai kuma irin su Larwood da ke yi don albashi. A filaye da yawa ɗakin canza kayansu daban, ƙofar shiga fili ma daban. Kyaftin daga kashin farko ake zaɓo shi. Kulob ɗin MCC da ke filin Lord's a Landan kuwa shi ke rubuta dokokin wasan, shi ke tura tawagar Ingila ƙasashen waje.

A 1930 wani matashi ɗan Ostireliya, Don Bradman, ya zo Ingila ya tara maki 974 a wasanni biyar. Abin ya tsaya wa Ingila a rai. Da za a je Ostireliya a 1932, MCC ta naɗa Douglas Jardine kyaftin, mutumin da ya yi karatu a Oxford. Shi ya tsara dabarar: a riƙa jifa da ƙarfi ƙwallon ya daki ƙasa ya taso saitin jikin mai bugu, a jera masu cafewa kusa da shi ta gefen ƙafarsa. In ya kare kansa da katako a cafe, in bai kare ba ya sha duka. Lokacin babu hular kwano. 'Yan jarida suka laƙaba wa salon suna Bodyline, wato jifa a saitin jiki. Dokar wasa ba ta hana ba, kuma Larwood ne ke da saurin da zai aiwatar.

Dabarar ta ci. Ingila ta yi nasara 4 da 1, Larwood ya fitar da 'yan wasa sau 33. Amma a Adelaide, a Janairun 1933, jifansa ya sami kyaftin ɗin Ostireliya Bill Woodfull a ƙirji, wani jifan kuma ya tsage wa Bert Oldfield ƙashin kai, duk da Oldfield da kansa bai ɗora masa laifi ba. 'Yan kallo suka harzuƙa. Hukumar kurket ta Ostireliya ta aika wa MCC saƙon waya tana ƙorafi. MCC, wadda ke zaune a Landan ba ta ga komai da idonta ba, ta mayar da martani cewa ta amince da kyaftin ɗinta da tawagarta. A wasan ƙarshe a Sydney Larwood ya ji mummunan rauni a ƙafar hagu, Jardine ya hana shi barin fili sai da aka fitar da Bradman.

Ban ce salon mai kyau ba ne. Yana da haɗari, kuma hana shi da aka yi daga baya daidai ne. Tambayata ita ce wa aka hukunta. A bazarar 1933 'yan West Indies suka yi wa Ingila irin wannan jifan a Manchester, sai ga manyan MCC sun fara sauya ra'ayi. Ga kuma ziyarar Ostireliya ta 1934 na tafe, ba a so ta wargaje. Sai aka kawo wa Larwood takardar neman afuwa aka ce ya sa hannu in yana son ya ci gaba da yi wa Ingila wasa. Ya ƙi, don a ganinsa umarnin kyaftin ya bi. Daga nan bai sake yi wa ƙasarsa wasa ba. Wasansa na ƙarshe ya yi shi yana ɗan shekara 28.

Jardine da kansa ya janye daga kyaftin, babu wanda ya tilasta masa sa hannu a irin wannan takarda. Pelham Warner, manajan tawagar, an ba shi lambar girma ta Sir a 1937, daga baya ya zama shugaban MCC. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku lura, hukumar da ta tura tawagar, ita ta kare ta, ita ce kuma ta zama alƙali. Haka tsarin ya daɗe: sai a ƙarshen 1962 aka soke bambancin 'yan sha'awa da 'yan albashi, kuma har 1993 Ingila da Ostireliya na da ikon hawa kujerar na-ƙi a hukumar kurket ta duniya.

Larwood ya bar wasa a 1938. Bayan yaƙi ya buɗe ɗan shagon alewa a Blackpool, yana zaune shiru. A 1948 Jack Fingleton, ɗaya daga cikin 'yan Ostireliya da suka sha jifansa, ya neme shi har shagon ya ba shi shawarar ya koma ƙasarsu. A 1950 ya kwashi iyalinsa suka hau Orontes, jirgin ruwan da ya kai shi can a 1932. Mutanen da suka yi masa ihu a fili su suka karɓe shi hannu bibbiyu. Ya samu aiki a kamfanin lemon kwalba a Sydney har ya yi ritaya.

Sai a 1993, shekara 60 bayan rikicin, gwamnatin John Major ta ba shi lambar MBE. Ya rasu a Sydney ranar 22 ga Yuli, 1995, yana da shekara 90. Har ƙarshen rayuwarsa bai nemi afuwar ba, bai kuma juya wa Jardine baya ba. Ɗan farantin zuba tokar sigari da kyaftin ɗin ya ba shi na godiya yana cikin abubuwan da ya fi ji da su a gidansa.