Djibo Bakary: Jagoran Sawaba da ya ƙi Faransa, ya bar mabiyansa da takaici

A tarihin siyasar Nijar, ba a cika samun wanda talakawa suka ɗora wa buri kamar Djibo Bakary ba. Shi ne ya fito fili ya ƙi tayin Janar de Gaulle a 1958. Sai dai sau biyu a rayuwarsa yana haɗa kai da mutanen da ya yi suna wajen yaƙarsu, kuma duka biyun mabiyansa ne suka kwana a ciki.

An haife shi a 1922 a Soudouré, kusa da Yamai, garin da ɗan uwansa Diori Hamani ma ya fito. Bazabarme ne, amma a Tawa ya yi makarantar firamare, inda Hausa ta zauna a bakinsa. Daga nan ya wuce makarantar horon malamai ta William Ponty da ke Senegal. Da ya dawo, ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas kafin siyasa ta ɗauke shi.

Rabuwa da Diori

Djibo ya zama babban sakataren jam'iyyar PPN, reshen Nijar na ƙungiyar RDA mai fafutuka a ƙasashen rainon Faransa. A 1950 shugaban RDA, Félix Houphouët-Boigny, ya yanke hulɗa da jam'iyyar kwaminisanci ta Faransa, ya nemi zama lafiya da Turawan mulki. Diori ya bi wannan layi, Djibo kuwa ya ƙi.

Wannan ƙin ne ya yi masa suna. Ya koma harkar ƙungiyoyin ƙwadago, sannan a 1954 ya kafa jam'iyyar UDN. Direbobin manyan motoci, 'yan kamasho, teloli, ƙananan 'yan kasuwa da manoman gyaɗa na Maraɗi da Damagaram suka rungume ta. Takensu shi ne Sawaba, kalmar da 'yan NEPU ma ke amfani da ita a Kano, kuma alamarsu raƙumi. Abin da suke nema shi ne sauƙi daga haraji da danniyar sarakunan da Turawa suka ɗaure wa gindi.

Ƙawancen farko

A 1956 Djibo ya lura cewa ƙuri'un birane kaɗai ba za su kai shi ga mulki ba, domin sarakuna ne ke riƙe da ƙauyuka. Sai ya ƙulla ƙawance da BNA, jam'iyyar sarakuna da 'ya'yansu, wadda Issoufou Saïdou Djermakoye ke cikin jiga-jiganta. Wato waɗanda ake kuka da su a dandalin taro sun zama abokan tafiya.

Da farko dabarar ta yi aiki. A ƙarshen 1956 ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A zaɓen watan Maris na 1957 haɗakar ta lashe kujeru 41 cikin 60, ya zama jagoran gwamnatin farko ta 'yan ƙasa.

Gwajin ya zo ne ranar 28 ga Satumba, 1958, lokacin ƙuri'ar raba gardama kan zama a ƙarƙashin inuwar Faransa. Djibo, kamar Sékou Touré na Gini, ya nemi a ce a'a. Faransa ta turo sabon gwamna, Don-Jean Colombani, wanda ya yi amfani da ƙarfin hukuma wajen karya shi. Sarakunan da ya jawo jiki suka zame suka koma ɓangaren na'am, har da Djermakoye. Kusan kashi 22 cikin 100 kawai suka bi Djibo. A watan Oktoba gwamnatinsa ta faɗi, a Disamba Diori ya hau, sannan a Oktoban 1959 aka haramta Sawaba.

Jini a bakin iyaka

Djibo ya tsere zuwa gudun hijira, ya zauna a Mali, daga baya Gana. Daga can aka riƙa tura matasan jam'iyyar zuwa Aljeriya, Sin da Biyetnam ta Arewa domin koyon yaƙin sunƙuru. A Oktoban 1964 aka ba su umarnin kutsawa cikin Nijar a ƙananan rukunoni, da tunanin cewa jama'a za su tashi su mara musu baya.

Hakan bai faru ba. Gwamnati ta riga ta samu labari, ta sa mutanen ƙauyuka farautarsu. Yankin Ƙonni, da ke daura da Illela ta jihar Sakkwato, na cikin wuraren da suka bi. A nan ne aka kashe Dandouna Aboubakar, ɗaya daga cikin jagororinsu, aka kai gawarsa Yamai aka baje ta a fili don tsoratarwa. An harbe wasu a bainar jama'a. Bayan an jefa wa Diori gurneti a filin Idi a Afrilun 1965, kamen ya ƙara tsananta, mutane da dama suka mutu a tsare.

Duk wannan lokaci jagoran na ƙasar waje. Abin da ya daɗe yana ci wa waɗanda suka tsira rai shi ne yadda aka tura 'ya'yan talakawa cikin tarko da lissafin da bai tsaya da ƙafarsa ba.

Ƙawance na biyu

Bayan Seyni Kountché ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu, 1974, Djibo ya dawo gida. A 1975 sojojin suka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, bai samu 'yanci ba sai a shekarun 1980.

Da aka dawo da siyasar jam'iyyu a 1991, tsofaffin 'yan Sawaba sun zaci lokacin sakayya ya yi. Maimakon haka jam'iyyar ta dare gida biyu, UDFP ta Djibo da kuma UDFR. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 bai kai kashi 2 cikin 100 ba, jam'iyyarsa kuma ta samu kujeru 2 cikin 83 na majalisa. Lokacin da masu neman sauyi suka haɗu a ƙawancen AFC wanda ya kai Mahamane Ousmane ga mulki, UDFP ba ta shiga ba. Ta tsaya ne a ɓangaren MNSD, jam'iyyar da ta gaji mulkin sojan da ya ɗaure shi.

Masu kare shi na da hujja: a cikin AFC akwai PPN-RDA, jam'iyyar da aka kashe 'yan Sawaba a ƙarƙashinta. Amma ga wanda ya kwashe shekaru a kurkuku saboda raƙumi, ganin jagoransa a gefen magadan soja ba abu ne mai sauƙin haɗiyewa ba.

Djibo Bakary ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu, 1998. A yau da Nijar ta sallami sojojin Faransa, matasa na yawan ambaton sunansa a matsayin wanda ya fara cewa a'a, kuma ya cancanci hakan. Waɗanda ba a cika tunawa da su ba su ne matasan da suka gaskata shi har suka tsallako iyakar Ƙonni ba su koma ba.