Muhammadu Durugu, Babban Gwani

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani magini wanda ya sa laka ta yi magana, watau Muhammadu Durugu, wanda waɗansu ke kira Malam Mika'ilu. Duk ƙasar Hausa da Babban Gwani aka san shi.

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya. Kayan aikinsa su ne tubali da laka da azara. Da su ya ta da manyan ginshiƙai, ya ɗaura bakan gizo daga wannan zuwa wancan, ya ɗora tulluwa a bisa. Sa'an nan ya bi ginshiƙan da zayyana mai zurfi, ga da'ira, ga mai kusurwa uku, ga layuka a jere.

Ba siffar mutum ko dabba a ciki, gama Musulunci bai yarda da su a masallaci ba. Amma ni ina ganin zanen nan cike yake da ma'ana. Layin da ya miƙe yana jan ido sama. Da'ira ba ta da farko, ba ta da ƙarshe. Kaurin ginshiƙi kuwa yana sa mutum ya ga ƙanƙantar kansa, ya rage murya. Kamar kiɗan tambari ne, ba kalma a cikinsa, amma kowa ya ji ya san da sarki. A Turai sai wajen 1910 Kandiniski, mutumin Rasha, ya soma zane marar siffa, aka yi ta gardama a kansa. Gwaninmu ya riga shi da shekara saba'in.

Ya yi aiki a ƙasar Bauci kuma. Akwai ginin da ke Kafin Madaki wanda ake kira da laƙabinsa. Ana ba da labari cewa bayan ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sai sarkin ya sa aka kashe shi, wai don kada ya yi wa wani irinsa. A shekarun 1970 aka lulluɓe masallacin Zariya da sabon gini na siminti, amma an yi kwatancinsa a gidan tarihi na Jos.

To, ga abin da ya shafe mu a nan Kwantagora. Gobe yaro zai kawo muku zane, layuka da launi kaɗai. Kada ku kashe masa zuciya don zanensa bai yi kama da doki ko akuya ba. Ku dubi yadda ya daidaita gefe da gefe, da inda ya yi kauri, da inda ya bar fili, ku tambaye shi abin da ya nufa. Malamin da ya raina wannan, da zai raina aikin Babban Gwani. Allah ya jiƙansa, amin.