Baba Yara: Sarkin 'Yan Wasan Gefe Da Hatsarin Mota Ya Kwantar

Duk ɗan kasuwar da fataucin goro ya taɓa kai shi Kumasi ya san filin wasa na Baba Yara, amma ba kowa ne daga cikinmu ya san mai sunan ba.

Sunansa na yanka Usman Saidu, an haife shi a 1936, lokacin ƙasar Gana tana hannun Turawan Ingila. A 1955 ya shiga ƙungiyar Asante Kotoko ta Kumasi, yana buga gefen dama. Gudunsa da iya yankansa suka sa aka yi masa laƙabi da sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma.

A zamanin Shugaba Kwame Nkrumah, shugaban hukumar wasanni Ohene Djan ya kafa wata ƙungiya a Akara mai suna Real Republikans, inda aka riƙa tsamo gwanayen kowace ƙungiya ana zubawa a cikinta. Haka aka raba Baba Yara da Kumasi, mutanen garin suna ji suna gani. A 1962 yana cikin 'yan Black Stars da suka yi kunnen doki, 3 da 3, da Real Madrid a Akara.

A watan Maris na 1963, ƙungiyarsa ta je wasa Kpandu a jihar Bolta. A hanyar dawowa motarsu ta ƙwace a Kpeve. Mu da muke kwana a kan hanya mun san yadda irin wannan take faruwa, ƙiftawa da bisimilla. Baba Yara ya ji rauni a laka, ƙafafunsa suka shanye, yana da shekara 26 kacal.

Gwamnati ta kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda ya shahara wajen jinyar masu ciwon laka, amma a watan Agusta aka dawo da shi a kan keken guragu. Daga nan wani mai da'awar warkarwa ya yi alkawarin tayar da shi, aka ɗauke shi aka kai masa. Ba mu ga laifin dangin da suka rasa tudun dafawa ba, sai dai a ganinmu raba irin wannan majinyaci da kulawar likitoci ganganci ne. Bai sake taka ƙasa ba.

Abin tausayi, a watan Disamba na wannan shekara Gana ta ci kofin Afirka karo na farko, ta lallasa Sudan da ci 3 da nema a Akara, shi kuwa yana kwance.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 5 ga Mayu, 1969, a asibitin Korle Bu, yana da shekara 32. Sai a 2004 aka sa wa filin wasan Kumasi sunansa. A can ne Super Eagles ta Najeriya ta tashi canjaras da Gana, ba ci, a watan Maris na 2022, a wasan neman gurbin zuwa gasar cin kofin duniya.